Makunnin iyaka: na'urar da ke tsayar da inji

Makunnin iyaka wata ƙaramar na'ura ce da ake girkawa a daidai inda ake son wani sashe na inji ya tsaya. Injin ne da kansa yake danna shi idan ya kai ƙarshen tafiyarsa, nan take kuma wutar da ke juya motar injin ta yanke.

Ana samunsa a na'urar hawa bene, wato lif, inda yake hana ta wuce hawa na ƙarshe ta daki rufi. Haka nan yana cikin injinan ɗaga kaya na tashoshin jiragen ruwa, da ƙofofin da ke buɗewa da lantarki, da bel ɗin da ke jan kaya a masana'antu.

Yawancinsu suna ɗauke da wani ɗan makunni a ciki, wanda Philip McGall ya ƙirƙiro a shekarar 1932 a garin Freeport na jihar Illinois ta Amurka. Kamfanin Micro Switch da ya shahara wajen ƙera shi ya koma hannun kamfanin Honeywell a 1950.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake haɗa wayoyinsa. Masu aikin lantarki kan haɗa shi ta yadda wuta za ta riƙa ratsa shi a kullum, sai an danna shi ta yanke. Hikimar ita ce, ko da waya ta tsinke, injin tsayawa zai yi. Idan aka yi haɗin akasin haka, tsinkewar waya ba za ta nuna wata alama ba, sai ranar da lif ta zarce iyakarta da mutane a ciki.

Wata matsalar kuma ita ce tartsatsin wuta kan narkar da ƙarafan da ke cikin makunnin har su manne da juna. Shi ya sa a wuraren da rayuka ke cikin haɗari ake amfani da nau'in da ƙarfin injin ke raba ƙarafan tilas.

Ko a gida ma akwai shi. Tun daga 1971 dokar Amurka ta wajabta sanya aƙalla makunnai biyu masu zaman kansu a ƙofar na'urar ɗumama abinci ta maikirowef, domin ta mutu da zarar an buɗe ta.

Babban haɗarin dai yakan fito ne daga ma'aikatan da kan ɗaure makunnin da waya ko salatef don kada ya riƙa katse musu aiki.