Daga Mangalar Jaki Zuwa Ledar Ruwa: Yadda Juji Ya Daina Zama Taki

Duk wanda ya daɗe a harkar lambu a ƙasar Hausa, ko lambun kayan miya ne ko na ƙawata gida da shataletale, ya san cewa juya shara ta koma taki ba darasin da aka kawo mana daga Turai ba ne. Sana'a ce da birnin Kano ya rayu da ita ƙarni bayan ƙarni. A shekarun 1960, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ya tarar da gonakin da ake nomawa kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba, kuma ba su mutu ba. Asirin yana kan bayan jaki. Da rani jakuna kan shigo birni da itacen girki da hatsi, su fita da mangala cike da toka, da sharar tsakar gida, da kashin awaki da tumakin da ake turkewa a gidaje. Abin da birni ya ci, ragowarsa na komawa ƙasar da ta ciyar da shi. Juji a lokacin dukiya ne mai mai shi. Ba a kwasar na wani sai da izini, wani lokaci ma sai da kuɗi.

Abin da ya sa wannan tsari ya yi aiki ba wani sirri ba ne: kusan duk abin da ke cikin jujin yana ruɓewa. A ganye ake ƙulle ƙosai da daddawa, a ƙwarya ake awo, da itace da kara ake girki. Ko ilimin boko da ya zo bai ƙaryata manoma ba. Gwajin da aka fara a Samaru ta Zariya a 1950, wanda aka yi shekaru masu yawa ana kwatanta filin da aka sa wa kashin shanu da wanda aka sa wa takin zamani, ya nuna cewa takin zamani shi kaɗai kan sa ƙasa ta yi tsami ta gaji, amma idan an haɗa shi da na gargajiya sai amfanin ya ɗore. Duk da haka, daga 1976, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, tallafi ya sa buhun takin zamani ya yi arha, sai aka fara kallon takin juji a matsayin abin talaka. A kusan wannan zamani ne kuma lambun ƙawa ya bunƙasa a biranenmu. Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya bar gidan namun dajin da ake kira da sunansa da kuma son shuka a bainar jama'a. Daga baya Abuja ta taso da tsarin da ya ware fili mai yawa don itatuwa da wuraren shaƙatawa. Sai dai salon da muka gada daga unguwannin Turawa shi ne na ciyawa a kwance, shinge a datse, ƙasa a share tas. Ganyen da ya faɗo datti ne a wannan ido, don haka a tara a cinna masa wuta.

A nan ne sana'armu ta lambu ta yi babban kuskurenta, kuma har yau ba ta gama gyara shi ba. Mai lambu zai ƙone ganyen darbejiya da na mangwaro da yankakkiyar ciyawa da hantsi, da la'asar kuma ya aika a sayo masa tifar baƙar ƙasa da aka kankaro daga fadamar wani ƙauye. Wuta tana tafiya da sinadarin naitirojin da jikin ganyen da ke riƙe laima, ta bar toka kawai. Tokar na da amfaninta, amma ba ta hana ƙasa daskarewa ba, ba ta rage yawan ban ruwa ba. Ita kuwa fadamar da aka kankare, ta yi asarar fatar da ta ɗauki shekaru aru-aru kafin ta taru. Wannan ɓarna ce ta fuska biyu, kuma mu muke biyan kuɗinta da hannunmu.

Da tallafin taki ya fara janyewa bayan tsuke bakin aljihun da aka shiga a 1986, manoma sun waiwayi juji, amma jujin da suka tarar ba shi ne wanda suka bari ba. Tifa ta maye gurbin jaki, kuma binciken da aka yi a Kano a shekarun 1990 ya nuna manoma suna biyan direbobin kwasar shara su juye musu kaya a gona. Abin da ke saukowa daga bayan tifar kuwa har da baƙar leda, da fasasshiyar kwalba, da mataccen batir, wani lokaci har da allurar asibiti. Da ruwan leda ya cika gari a waɗannan shekaru, sai abin ya ƙara muni. Wanda ya bi gonakin bakin birni bayan an yi huɗa zai ga tsummokaran leda suna leƙowa daga kunya, iska na kaɗa su, awaki na tauna su har su toshe musu tumbi. A Jos ma, masu noman rani a bakin tafkunan da haƙar kuza ta bari sun daɗe suna dogaro da tokar juji, su ma suna fama da wannan gauraye. Saboda haka hukuncina shi ne: ba ƙyama ce ta kashe takin juji ba, ba kuma zamani ba ne. Cakuɗa ce ta kashe shi. Ranar da mai ruɓewa da marar ruɓewa suka shiga kwando ɗaya, ranar ce dukiya ta koma annoba.

Masu rainon dashe a bakin titunan Kano da Kaduna da Abuja su ne suka riƙe wani ɓangare na tsohuwar hikimar, ba don wani ya koya musu ba sai don jari ya yi kaɗan. Su ne ke tsince ledar ruwa, su yanke bakinta, su huda gindinta, su cika ta da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu da buntun shinkafa, su jera dubbai a inuwa. Tsohuwar taya ta zama tukunyar fure, garin katako ya zama shimfiɗar da ke tsare laima. Ba na cewa wannan ya warware matsalar leda, domin bayan dashe sau da yawa a nan ake yar da ita. Amma ya nuna cewa hannun da zai yi aikin yana nan.

Akwai masu cewa haɗa taki a cikin gari ƙazanta ce, wari da ƙuda da cuta. Gaskiya ne idan an zuba an manta. Tarin da aka jera busasshen ganye da ɗanye hawa-hawa, aka yayyafa masa ruwa, ana juya shi lokaci-lokaci, yakan ɗauki zafin da ya haura digiri 55 a ma'aunin Salsiyos, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, kuma cikin wata biyu zuwa uku ya koma baƙi mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Wari alama ce ta ruwa ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Wasu kuma na tsoron gara, kuma tsoronsu na da tushe, musamman kusa da gini. Maganinsa shi ne a bar takin ya nuna sosai kafin a zuba, kada kuma a jingina shi da bango ko jikin dashe. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na guba: dalmar batir, da sinadarin kuromiyam da ke fitowa daga masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai. Wannan ba ya ruɓewa, zafin tari ba ya kashe shi. Amma wannan hujja ce ta a raba shara tun daga tushe, ba ta a yi watsi da taki ba. Kuma a nan ne lambun ƙawa ke da matsayin da lambun latas ba shi da shi. Takin da ba a gama yarda da tsabtarsa ba, bai kamata ya je gindin alayyafo ba, amma zai iya zuwa gindin itatuwan gefen titi da ba mai ci.

Sauran ƙorafin shi ne wahala: wa zai tsaya rabawa? Amsar tana yawo da kura a unguwanninmu. 'Yan jari bola ba sa barin ƙarfe ko goran roba ya kwana a juji, saboda akwai mai saye. Ɓawon lemo da ruɓaɓɓen tumatir na kasuwar 'Yankaba, da abin da ake zubarwa a kwata, za su sami masu tsincewa ranar da aka sa musu farashi. Tsadar takin zamani tun daga 2022 ta riga ta buɗe wannan ƙofa. Ba sai an jira wata katafariyar masana'anta ba. Hukumomin da ke kula da wuraren shaƙatawa da shataletale su ne manyan masu sayen ƙasa da taki, don haka su ne za su iya kafa kasuwar. Su rubuta a cikin kwangila cewa ba a ƙona ganye, kowane lambu ya ware kusurwar haɗa taki, kuma takin da za a saya ya fito daga sharar garin. Mu kuma masu almakashi da tiyo, mu fara daga ganyen da za mu share gobe da safe: a tara shi, a jiƙa shi, kada a sa masa ashana.