Inda Babu Bakanike: Darasi Daga Taurarin Ɗan'adam na Najeriya

Direban da motarsa ta mutu tsakanin Riko da Jibiya, yaro zai tura a kirawo masa bakanike. Tauraron ɗan'adam kuwa, da zarar ya bar ƙasa, shi da mai gyara sai dai labari. Ga zafi, ga sanyi, ga burbushin da rana ke fesowa, wanda kan juya lamba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, umarni ya koma shirme.

Shi ya sa injiniyoyi suka daina jingina da kwamfuta guda. Kumbon Columbia na Amurka ya tashi ranar 12 ga Afrilu, 1981, ɗauke da kwamfuta biyar. Huɗu lissafi ɗaya suke yi, suna gwada amsoshinsu, wadda ta saɓa wa sauran a ajiye ta gefe. Ta biyar manhajarta daban, marubutanta ma daban, don kada kuskure ɗaya ya kwashe su baki ɗaya. Ranar 10 ga wata aka so tashi, amma da aka ga lokacin kwamfutocin bai zo ɗaya ba, sai aka haƙura har kwana biyu.

Najeriya ta ɗanɗana zaƙin wannan ilimi da ɗacinsa. NigeriaSat-1, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera, an harba shi daga Rasha a Satumban 2003. Shekara biyar aka ɗibar masa, ya yi aiki har 2012. NigComSat-1 kuwa, da ya tashi daga ƙasar Sin a Mayun 2007, fikafikansa masu tara hasken rana suka gaza, wuta ta yanke, ya yi shiru a Nuwamban 2008. Sai a Disamban 2011 aka maye gurbinsa. Komai yawan kwamfuta, in abin da ke ba su wuta ya mutu, an gama.

A 2017, Jami'ar Fasaha ta Akure, tare da abokan aiki a Japan, ta tura NigeriaEduSat-1, ɗan akwati mai faɗin santimita 10. Ƙananan na'urori sun yi araha yanzu. Babu abin da zai hana ɗaliban jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma su haɗa uku, su zare wayar ɗaya, su ga ko sauran za su ci gaba da aiki. Daga nan ake farawa.