Katin hoki na 'yan Montreal Canadiens: yadda kwalin da yara ke jifa da shi ya zama dukiya 🧵

1/
Jama'a, yau Kanada za mu je. A can akwai dattawan da ba abin da suke tarawa sai tsoffin katuna masu hoton 'yan wasan hoki na ƙungiya ɗaya, Montreal Canadiens. Wani katin da a da ake samu a cikin cingam, yau kuɗinsa ya fi na mota. Ku biyo ni mu ga yadda aka yi.

2/
Ga wanda bai san wasan ba: a kan ƙanƙara ake buga shi, da takalma masu wuƙar ƙarfe a ƙasa. Kowane ɓangare mutum 6 ne har da mai tsaron gida, kuma maimakon ƙwallo wani ɗan baƙin faifan roba suke kora da sanda. Babbar gasar ita ce NHL, kofinta kuma Stanley Cup.

3/
An kafa Canadiens a Disamban 1909, tun kafin NHL ɗin kanta, wadda ta zo a 1917. Manufar ita ce masu jin Faransanci na birnin Montreal su ma su sami tasu ƙungiyar. Sau 24 ta ɗauki kofin Stanley, babu wadda ta kamo ta. Na ƙarshe a 1993.

4/
Katunan farko ba ma don yara aka yi su ba. A kwalin taba sigari suke zuwa. Daga 1910 zuwa 1913 kamfanin Imperial Tobacco ya riƙa saka ɗan kati a kowane kwali, ya tallafi sigarin kada ta lanƙwashe, ya kuma ja mai saye ya dawo neman sauran hotunan.

5/
A jerin katuna 45 na kakar 1911-12 ne katin farko na Georges Vézina ya fito. Mai tsaron gidan Canadiens ne, ya buga wasa 327 na gasa a jere bai taɓa fashi ba. A Nuwamban 1925 ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa, ashe tarin tibi ne. Ya rasu a Maris 1926. Har yau sunansa ke kan kyautar gwarzon mai tsaron gida na NHL.

6/
Yawancin masu shan taba da sun buɗe kwali sai su yar da katin. Shi ya sa duk mai tara katunan Canadiens ya san na Vézina shi ne mai wuyar samu, musamman wanda bai cuɗe ba.

7/
Daga 1934 zuwa 1967 sai wata hanya ta ɓullo. Kamfanin da ke yin ruwan zaƙin masara mai suna Bee Hive a lardin Ontario ya ce: aiko mana da takardar jikin gwangwani ta gidan waya, ka rubuta sunan ɗan wasan da kake so, mu aiko maka da hotonsa. Lokacin a rediyo ake bin wasa, don haka yara da yawa a wannan hoton suka fara ganin fuskar gwaninsu.

8/
A 1951 kamfanin Parkhurst na Toronto ya fitar da katuna 105 a cikin ƙunshin cingam. Ƙanana ne, bayansu babu rubutu. A ciki akwai katin farko na Gordie Howe na Detroit, da na mutumin da wannan zaren ya fi shafa: Maurice Richard, wanda ake wa laƙabi da Rocket.

9/
Richard ɗan Montreal ne, mai jin Faransanci. A kakar 1944-45 ya ci 50 a wasa 50, abin da ba a taɓa yi ba. Shi ne kuma na farko da ya kai 500 a NHL, ya yi ritaya a 1960 da 544.

10/
Amma fa ba yawan cin kaɗai ya sa ake son sa ba. A wancan zamanin, masu jin Faransanci ne suka fi yawa a lardin Quebec, amma manyan kamfanoni da bankuna da kujerun shugabanci galibi suna hannun masu jin Ingilishi. Talaka na zuwa aiki a ba shi umarni da harshen da ba nasa ba. Idan Richard ya ci, ji suke nasu ne ya rama musu.

11/
Ranar 13 ga Maris 1955, a wani wasa a Boston, faɗa ya kaure, Richard ya naushi ɗaya daga cikin alƙalan wasa. Shugaban NHL, Clarence Campbell, ya dakatar da shi sauran kakar baki ɗaya har da wasannin neman kofi. Laifi kam ya yi. Amma mutanen Montreal da yawa sun ɗauka cewa tsananin hukuncin saboda asalinsa ne.

12/
Ranar 17 ga Maris Campbell ya zo kallon wasa a filin Forum na Montreal. Aka yi ta jifansa, wani ya fasa barkonon tsohuwa, aka kwashe mutane daga filin, tarzoma ta fantsama titin Sainte-Catherine, aka farfasa shaguna. Washegari sai da Richard ya shiga rediyo ya roƙi jama'a su kwantar da hankali.

13/
Masana tarihi da dama na lissafa wannan dare cikin alamun farko na yunƙurin da ya sauya Quebec a shekarun 1960, lokacin da masu jin Faransanci suka karɓi ragamar al'amuransu. Da Richard ya rasu a 2000, sama da mutum 100,000 suka je yi wa gawarsa bankwana. To kun ga abin da mai riƙe da katin 1951 yake riƙe da shi.

14/
Wani abu da ke sauƙaƙa wa mai bin ƙungiya ɗaya: a 1954 kamfanin Topps na Amurka ya shigo da katunan ƙungiyoyin Amurka huɗu kawai, wato Boston, Chicago, Detroit da New York. Jerin Parkhurst na 1955-56 kuma ya tsaya a kan Montreal da Toronto. Sai ga shi daga 1956 zuwa 1960 Canadiens ta ɗauki kofi sau 5 a jere.

15/
A jerin 1955-56 ɗin ne katin farko na Jacques Plante ya fito. Lokacin masu tsaron gida fuska a buɗe suke tsayawa. Ranar 1 ga Nuwamban 1959 a New York faifan ya fasa masa fuska, aka ɗinke shi, ya ce ba zai koma ba sai da abin kare fuska. Daga nan sauran suka bi sahu a hankali.

16/
To me ya sa katunan nan suka yi tsada? Saboda ba wanda ya ɗauke su da daraja. Yara na jefa su jikin bango suna cinye na juna, suna maƙala su a wayoyin ƙafar keke don su yi ƙara, suna ɗaure su da roba. Yaro ya girma ya bar gida, uwa ta yi shara ta zubar. Kaɗan ne suka tsira lafiya.

17/
Yanzu akwai kamfanoni irin su PSA da ke duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10: kusurwa, gefe, fuska, da ko hoton na tsakiya. Tazarar kuɗi tsakanin mai 5 da mai 10 ba kaɗan ba ce. A 2021 katin farko na Wayne Gretzky na Edmonton, wanda kamfanin O-Pee-Chee ya buga a 1979, mai maki 10, ya tafi a kan dala miliyan 3.75.

18/
Ga ɗaya gefen labarin. A ƙarshen shekarun 1980 mutane suka farga cewa tsoffin katuna kuɗi ne. A 1990 Upper Deck da Score da Pro Set suka shigo hoki, aka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Kowa ya saya kwali-kwali ya adana cikin leda yana jiran arziki. Tunda kowa ya ajiye nasa, yau yawancinsu ba su kai kuɗin aika su ta gidan waya ba.

19/
Shi ya sa masu bin ƙungiya ɗaya suka fi kwanciyar hankali. Da yawansu kan sayi katin Richard mai lanƙwasa da taɓo su gode wa Allah, don burinsu su jera sunaye daga Vézina zuwa Richard da Plante da Jean Béliveau, ba jiran kasuwa ba.

20/
Idan gobe aka tallata muku wani abu aka ce ku saya ku ajiye zai yi tsada, ku fara tambaya: guda nawa aka buga, kuma mutum nawa ne ke ajiye irinsa? Masu kwalayen 1990 ba su yi wannan tambayar ba.

Ku faɗa min a ƙasa, me kuka taɓa tarawa kuna yara da aka zubar muku? 👇