Daga Ramin Tama zuwa Panteka

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, galibin ƙarfen da ke zama fartanya ko lauje a ƙasar Hausa daga cikin ƙasa ake tono shi. Masu narka tama kan tare a daji da rani, su gina murhun yumɓu, su jera tama da gawayi hawa-hawa, su kwana suna jiran wuta ta raba ƙarfe da kashinsa. Aiki ne mai cin itace da cin kwanaki, shi ya sa da dogo ya fara kawo ƙarfen Turai da tarkacensa da araha, murhunan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan wasu ke lissafa mutuwar ƙira. A ganina sun yi gaggawa: narkar tama ce ta mutu, maƙeri kuwa mahaƙa kawai ya sauya.

Shaidar tana kan uwar maƙera. Gatarin da ake bugawa yau daga sifirin babbar mota yake fitowa, ƙarfe mai riƙe kaifi, amma zuga-zugi da masaba da awartaki da gawayin ƙirya duk na kakanni ne. Tarkacen ma har sababbin sana'o'i ya haifar. Garwar kananzir da gwangwanin madara suka tayar da 'yan gwangwani, masu mazurari da aci-balbal. Duro ya koma adakar amarya, taya ta koma takalmi, tif ya koma guga. A kasuwar Katako ta Yamai, kamar a Panteka ta Kaduna, mai zuba tukunya yakan kifa tsohuwar tukunya cikin akwatin katako, ya danƙare ta da yashi mai laima, ya zare ta a hankali don kada gurbin ya rushe, sannan ya tsiyaya narkakken alminiyam na gwangwanin lemo da fistin mota. Kafin ya gama share zufa ta daskare, saura goga.

Masu musu kan ce talauci ne ya jawo duk wannan, su kawo matsin tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 a Najeriya da karyewar sefa da rabi a 1994. Gaskiya ne waɗannan shekaru sun cika rumfunan gyara da masu ciniki, to amma sun tarar da sana'ar ta riga ta tsufa. Manomi ma ba arha kaɗai ke kai shi maƙera ba: can ne ake yi masa garma daidai tsayinsa da irin ƙasar gonarsa, in ta dakushe ya mayar a koɗa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na lafiya da na sata, domin tarkacen da ba a tace ba kan shigar da gubar dalma cikin tukunyar tuwo, kuma murafun kwalbati da ƙarafan dogo sukan ɓace su ɓulla a kan sikeli. Wannan ba a kare shi, sai dai laifin yadda ake tara kayan ne, kuma abin da 'yan jari-bola ke tarawa ba maƙeri kaɗai ke jiransa ba. Tireloli ke kwasarsa zuwa masana'antun rodi na Legas da Ogun, har ta kai maƙerin ƙauye na tayin guntun sifirin da dillali a kan kilo.