Habsu da Sijin: Tarihin Kalmar Tsarewa a Fiƙihu

Ɗalibai da yawa, in sun ci karo da kalmar "habsu" a littattafan fiƙihu, sukan fassara ta da kurkuku kai tsaye. Wannan fassara tana rufe wani tarihi. Asalin ma'anar habsu shi ne tsayar da abu a hana shi wucewa, shi ya sa a aya ta 106 ta Suratul Ma'ida aka yi amfani da ita ga tsayar da shaidu biyu bayan salla domin su yi rantsuwa. Kalmar da ke nufin ginin da ake kulle mutum ita ce "sijin", wadda ta maimaitu a Suratu Yusuf.

A zamanin Manzon Allah (SAW) ba a keɓe wani gini don haka a Madina ba. Sumama bin Usal a jikin ginshiƙin masallaci aka ɗaure shi, kwana uku, sannan aka sake shi ya musulunta. Sai a halifancin Umar (RA), da jama'a suka yawaita, gwamnansa na Makka, Nafi'u bin Abdul Haris, ya sayi gidan Safwan bin Umayya a kan dirhami 4,000 aka mai da shi sijin. Saboda wannan tarihi ne Ibn Taimiyya ya bayyana cewa habsu a shari'a hana mutum sakewa ne, ko da a gida ko a masallaci, ko ta hanyar sa mai ƙara ya lazimce shi. Shi kansa, Allah Ya jiƙansa, a tsare ya rasu a ganuwar Dimashƙa a shekara ta 728 bayan hijira.

Hausa ta riƙe wannan bambanci fiye da yadda muke lura. Gidan yari ya samo sunansa daga Yari, mai riƙe da sarautar tsaron ɗaurarru. Gidan waƙafi kuwa daga "waƙafi" ne, wato tsayarwa, kuma abin da sauran mazhabobi ke kira waƙafin dukiya, Malikawa "hubusi" suke ce masa. Ke nan wanda ke waƙafi an tsayar da shi ne kawai har a duba lamarinsa, ba a yanke masa hukunci ba. A ganina, mutumin da ya shekara biyar yana jiran shari'a ya fita daga ma'anar kalmar tuntuni, ko da takardar kotu ba ta sauya masa suna ba.