Daga Tambaya zuwa Hadiza Gabon: Zaman Mata a Harkar Wasa

A harkarmu ta fim, mace ba ta cika tsira da sunan mahaifinta ba. Fim ɗin da ya fito da ita shi jama'a ke liƙa mata: Rukayya Dawayya, Jamila Nagudu, Sadiya Gyale, Aisha Tsamiya. Wasu kuma sunan da suka ci a wasa ne ya bi su har kabari, kamar Hauwa Ali Dodo da kowa ya sani da Biba Problem, ko Saratu Giɗaɗo da yara da manya ke kira Daso. Hadiza Aliyu ce ta fita daban, ita ƙasa guda aka jingina mata. A Libreville, babban birnin Gabon, aka haife ta a 1989, garin da tun daga Plaine Orety har kasuwar Mont-Bouët Faransanci ne harshen makaranta da na ciniki. Ta zo Nijeriya Hausarta ba ta gama nuna ba, ta fito a fim ɗin Artabu a 2009, yau kuwa ita ce ke zaunar da manyan masana'antar a kujera tana yi musu tambayoyi. Wannan kujerar ba a rana ɗaya aka kafa ta ba, kuma akasarin matan da suka share filin ba su taɓa zama a kanta ba.

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne ga matan Hausawa. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke naɗa rawani su kwaikwayi sarki da fadawansa, a yi dariya, a kuma isar da saƙon da ba mai iya faɗa da rana tsaka. Amma da wasa ya koma na dandamali a makarantun boko, aka fara rubuta irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, sai mace ta yi wuyar samu. Mu da muka taso a ƙungiyoyin dirama mun san yadda ake yi: a nemo yaro mai siririyar murya, a ɗaura masa zane da kallabi, shi ne amarya, shi ne uwar miji. Ko da aka fara samun mata na gaske, sai shugaban ƙungiya ya je har zaure ya durƙusa gaban uba ko yaya, ya yi alkawarin za ta dawo gida kafin magariba.

Talbijin ne ya fara ba mace fuska da suna. An buɗe tashar Kaduna a 1962, aka haɗa tashoshin ƙasa a ƙarƙashin NTA a 1977, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. Sunayen da aka fi tunawa daga wancan zamani na maza ne, su Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama da Karkuzu, alhali ba wasan da zai tafi ba matar gida, ba kishiya, ba maƙwabciya mai gulma. Hajiya Ladin Cima, wato Tambaya, tana cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. Wasan lokacin ba a cika rubuta shi kalma bayan kalma ba. Darakta zai faɗi inda labari ya dosa, a yi rihazal, sauran kuma bakin ɗan wasa ne zai cike. Shi ya sa matan wannan zubi suka fi kowa iya magana: karin magana, habaici, gatse, duk a kan harshensu suke, ba sai an rubuta musu ba. Kuɗin kuwa na mota ne da sabulu. Yawancinsu suna da wani aikin ko sana'ar da ke riƙe da gida.

A ƙetaren iyaka an riga mu ganin abin da wannan sana'a ke yi wa mace. Zalika Souley ta Nijar ta fito a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane tun 1966, ta kuma fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Ta zaga bukukuwan fim na duniya, amma a Yamai mutane da halin da ta nuna a majigi suke auna ta. Lokacin da Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, mai suna Al'lèèssi, abin da kyamara ta tarar shi ne tauraruwar da ke fama da abin sawa a tukunya. Ta rasu a 2021. Duk wata 'yar wasan Hausa da ta taɓa fitowa a muguwar kishiya ta san wannan ciwo. Daso, Allah ya jiƙanta, mace ce mai fara'a da barkwanci, amma shekara da shekaru akwai masu kallon da suka rantse cewa muguntar nan har gida take yin ta.

Sai bidiyo ya zo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, Gimbiya Fatima ta biyo baya, marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka mai da littattafansu fim. Kafin shekara goma ta cika, Sangaya na kamfanin Sarauniya ya juya kasuwar gaba ɗaya, Fati Muhammad ta zama fuskar da ke kan kowane kwalin kaset da kalanda, Wasila ya zo ya ƙara wa wutar fetur. A 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, a shekarar ne kuma sunan Kannywood ya ɓulla a mujallar Tauraruwa. Daga nan 'yar dirama ta zama 'yar fim, kuma abin da ake nema a wurinta ya canza. Da baki ake nema, yanzu fuska da rawa. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, waɗanda su ke sayen fim su buga, su ne ke faɗin wadda za a sa a kwali, wani lokacin tun kafin a rubuta labarin. Muryar da ake ji a waƙa ma ba tata ba ce. Su Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam A. Baba ke rerawa a situdiyo, jaruma ta hau kai a lokeshan, farin jinin ya tafi ga wadda aka gani.

Akwai wani abu da masu sukar 'yan fim ba sa lura da shi. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, doka ta hana namiji da mace taɓa juna a fim. To ka ɗauki uwar da ɗanta ya dawo bayan an fitar da rai da shi. A Legas ko Mumbai rungume shi za ta yi, an gama. A wurinmu tana tsaye nesa da shi, dole ido da rawar murya da yadda ta riƙe bakin mayafi su yi aikin duka. Hajiya Amina Garba, wato Mama Dumba, da Hauwa Maina da Zainab Booth sun ƙware a wannan har ba ka lura da cewa akwai abin da aka hana. A ganina babu makarantar koyon wasa da ta kai wannan takura horar da mutum.

Babbar matsalar ita ce gajartar zango. Al'adar masana'antar, wadda ba sai an rubuta ta ba, ita ce jaruma ta yi aure ta bar fim. Namiji zai fara da saurayi, ya koma magidanci, ya tsufa yana alhaji mai kuɗi, duk a gaban kyamara. Mace kuwa tana kan ganiyarta za a sha biki, mujallu su buga hotuna, shi ke nan. In auren ya zauna, mun yi asarar 'yar wasa. In ya mutu ta dawo, a ce 'yan fim ba sa zaman aure, kuma ta tarar an yi sababbin fuskoki. Ga hanya ma tana cin nata rabon: Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003 ana cikin hidimar bikinta, Biba Problem kuma ranar 1 ga Janairun 2010.

A 2007 bidiyon sirri na wata jaruma ya fita ta wayoyin hannu, gari ya ɗauki zafi, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, hukumar tacewa a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta tsananta, masu shirya fim da yawa suka kwashe kayan aiki suka koma Kaduna da Jos. Mata ne suka fi kowa shan jifa. Cikin wannan ƙura Hadiza Gabon ta shigo, baƙuwa, ba dangi a harkar. Abin da ya tsayar da ita, a nawa ganin, shi ne ba ta tsaya a layin 'yar soyayya ba. Ta yi 'Yar Maye, ta yi barkwanci, ta yi masifaffiya, har ɗan gargadar da ke harshenta ta zame mata ado. Ta ci kyautar jarumar jarumai a gasar Kannywood ta 2014, ta yi wa kamfanoni talla, ta kafa gidauniyar taimakon marasa galihu.

Kafin nan kasuwar faifai ta fara mutuwa, satar fasaha da tura fim ta waya suka ƙarasa ta. Abin mamaki, sai muka koma inda muka fito, wato wasan mako-mako. Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Gidan Badamasi da Labarina suka zo, Izzar So ya nuna cewa YouTube ma tasha ce. Fim mai dogon zango yana buƙatar uwa da goggo da kaka a kowane mako, don haka dattawan mata suka sake samun aiki. Samun aiki dai, ba samun kuɗi ba. A 2022 Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa biyar, kuma ba ta da muhallin kanta. Wasu furodusoshi suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka, aka yi ta cacar baki. Ni dai abin da na ɗauka a rigimar shi ne babu ɓangaren da ya iya fito da takarda, domin a harkarmu har yau da baki ake yin ciniki, a biya ka bisa yawan fitowar da ka yi, fim ya yi ta yawo shekara goma ba ka da ko sisi a ciki.

Matan da suka kuɓuce wa wannan su ne waɗanda suka mallaki aikin. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna hanya tun tuni, daga rubutu ta koma shirya fim. Rahama Sadau, wadda ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kora a 2016 saboda bidiyon wata waƙa, ta dawo da kamfaninta ta shirya Rariya da Mati a Zazzau. Mansura Isa ta yi aure ta bar fitowa, amma ta koma bayan kyamara ta shirya Fanan. Hadiza Gabon ta buɗe shirinta na hira a YouTube, tasha tata, baƙi nata, kuɗin talla nata, ba ɗan kasuwar da zai ce fuskarta ta daina sayuwa.

Saura waɗanda ba su kai ga wannan zamani da ƙarfinsu ba. Kaset ɗin wasanninsu na da, da yawa an goge an ɗauki wani shiri a kai, wasu zafi da ƙura sun cinye. Dumba ta tafi a 2010, Hauwa Maina a 2018, Zainab Booth a 2021, Daso a watan azumin 2024. Ina kira ga ƙungiyoyinmu da su wajabta rubutacciyar yarjejeniya ga kowane ɗan wasa, su kuma ware wani kaso na kuɗin rajista don dattawan da suka gaza. Ku kuma 'yan baya masu kyamara da tashoshi, ku bi iyayen nan gida-gida ku naɗi tarihinsu daga bakinsu, kuma ku biya su kuɗin hirar kafin ku tashi.