Yadda Yaƙi, Coci da Kimiyya Suka Gina Kalmomin Sani a Turanci

Mai koyon Turanci mai zurfi kan tarar da tarin kalmomi da ƙamus ke fassara su kusan iri ɗaya: imani, sani, zato, hukunci. Tarihi ne ya jibge su hawa-hawa, kuma sanin hawan da kowace ta fito yana sauƙaƙa rarrabe su.

Hawa na farko shi ne Turancin asali, inda believe, know da deem suka samo tushe. A wancan zamani doom na nufin hukuncin shari'a kawai. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, sai fada da kotuna suka koma Faransanci da Latin. Daga nan judge, jury, evidence da verdict suka shigo. Ta ƙarshen asalinta "faɗin gaskiya". A 1362 aka kafa dokar da ta umarci a riƙa yin shari'a da Turanci, amma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Baƙin kalmomi suka zauna daram, doom kuwa ta tsira da ma'anar halaka.

Hawa na biyu rigimar addini ce ta ɗaukaka shi. Kalmar heresy, wadda ake fassarawa da bidi'a ko karkata, daga Girkanci take, kuma asalinta "zaɓi". Dogma ta fito daga aikatau mai nufin abin da mutum ya ga ya dace, kafin ta zama aƙidar da ba a musu a kanta. A 1562 Henri Estienne ya buga fassarar Latin ta littafin Sextus Empiricus, a daidai lokacin da Katolika da Furotesta ke jayayya kan wanda ke da ikon fayyace gaskiya. Ba da jimawa ba sceptic ta bayyana a Turanci. A wurin Girkawa tana nufin mai bincike wanda ya dakatar da yanke hukunci, don haka fassara ta da "mai ƙaryatawa" tauye ta ne.

Hawa na uku masana ne suka ƙera shi da gangan. A 1854 James Frederick Ferrier, masanin falsafa ɗan Sikotlan, ya shigar da epistemology a matsayin sunan fannin da ke nazarin sani kansa. A 1869, shekara goma bayan littafin Darwin kan asalin halittu, Thomas Henry Huxley ya ƙirƙiro agnostic domin wanda ke cewa al'amarin Ubangiji ya fi ƙarfin saninsa. Wannan ya sha bamban da atheist, mai musun samuwarsa gaba ɗaya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan gini. Yana da sani nasa na gado, sannan ya aro ilimi, yaƙini, shakka, hujja, dalili da hukunci daga Larabci. Malaman fiƙihu sun daɗe da jera matakai: yaƙini a sama, sai zato mai rinjaye, sai shakka inda ɓangarori biyu suka yi kunnen doki, sai wahami a ƙasa.

Amfanin wannan ya wuce cin jarrabawa. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta raba ma'auni biyu: a shari'ar farar hula rinjayen hujja ya isa, a shari'ar laifi kuwa dole a tabbatar da tuhuma har ba sauran shakka mai ma'ana. Ɗan jarida ko tafinta da ya mayar da alleged ta zama "an tabbatar" ya ɗaure mutum kafin alƙali ya zauna. Likitan da ya ce probable, aka gaya wa dangi "tabbas", an ɗora masa maganar da bai faɗa ba.